MAI INJIN MARKAƊE BA YA KISHI DA MAI ƘOSAI

 Yau so nake in ɗauke ku mu yi tafiya mai nisa har ƙasar Amurka, mu leƙa wata kasuwa da na san da yawanku ba ku taɓa jin labarinta ba. Amma kafin mu tashi bari in faɗa muku abin da ya jawo tafiyar.

Kwanakin baya wata 'yar uwa mai karanta littattafaina ta aiko min da saƙo, kuma wallahi ba ta yi min kara ba ko kaɗan. Cewa ta yi, "Anti, don Allah ku marubuta ku ji tsoron Allah. Labarin da zai ƙare a littafi biyu sai ku ja shi har huɗu, mu kuwa kuɗin nan daga ragowar cefane muke tsakurowa." Da na karanta sai da raina ya sosu, har na fara rubuta mata amsa mai zafi, sai kuma na goge. Da dare ya yi na kwanta, zuciyata ta ce da ni ai gaskiya yarinyar nan ta faɗa. Akwai wani labari nawa da ni kaina na san na ƙara masa ruwa, na kwantar da jarumar a asibiti ba gaira ba dalili, don kawai a samu na uku. Cikin wannan tunani ne na tuna da tarihin wani wasa na Turawa da ake sayar da shi a littafi, wanda masu shi suka shafe shekara 50 suna fama da tambayar da yarinyar nan ta jefa min, wato nawa ya halatta mai labari ya tatsa daga aljihun mai sauraro?

Sunan wasan Dungeons & Dragons, suna taƙaita shi da D&D, ma'anarsa kamar ki ce kurkukun ƙarƙashin ƙasa da dodanni. Yadda ake yin sa shi ne, mutum biyar ko shida za su zauna a tebur, ɗaya ya zama mai jan labari kamar yadda kaka take zaunar da jikoki ta ce ga ta nan ga ta nanku. Bambancin shi ne a nan masu sauraro su ma suna cikin labarin, kowa ya zaɓi wanda zai zama, wannan jarumi, wannan mai magani, wancan ɓarawo. Mai jan labari zai ce, "Kun iso bakin wani kogo, kuna jin gurnani daga ciki, me za ku yi?" Sai ɗaya ta ce ita za ta kunna fitila ta shiga. Daga nan a jefa ɗan lido, nasu har mai fuska 20 akwai, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ta tsira ko dodo ya cafke ta. Ba a zuba kuɗi, babu wanda yake cinye wani. In kin tuna wasan 'yartsana da muka yi muna yara, ke ce uwa ni ce 'ya, to kusan shi ne manya suka yi wa dokoki suka buga a littafi. Labaransu dai cike suke da dodanni da matsafa irin na tatsuniyoyin Turawa, ni kuma ba tallar wasan na zo yi muku ba, kasuwancinsa ne ya ɗauki hankalina.

A shekarar 1974 aka fara buga shi a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin. Mutum biyu suka ƙirƙiro shi, Gary Gygax da Dave Arneson, kamfanin da ya buga kuma sunansa TSR. Kwafi 1,000 kacal suka iya bugawa, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, kowanne girmansa bai wuce wannan da ke hannunki ba, dala 10 kuɗinsa, a gida ma suka riƙa haɗa kwalayen da hannu. Kafin shekara ta zagayo sun ƙare.

To ga inda matsalar take. Mai sayar da sabulu ko gishiri hankalinsa kwance yake, don ya san kayansa ƙarewa suke, gobe za ki dawo. Shi kuwa littafin wasan nan ba ya ƙarewa. Mutum ɗaya zai saya, mutum shida su yi wasa da shi, su yi shekara goma suna ƙirƙirar labaransu da takarda da fensir ba su sake ba kamfani ko sisi ba. Mu ma ai mun san wannan, ke kika sayi littafi amma sai ya zaga layinku kaf, ya dawo miki babu bango. Duk wata dabara da masu buga wasan nan suka yi tun daga 1974, neman maganin wannan matsala ce. Wasu dabarun sun yi kyau, wasu kuwa abin kunya ne, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Dabara ta farko ita ce raba littafi. Tsakanin 1977 da 1979 suka fitar da manyan littattafai uku masu kwalin bango, ɗaya na dodanni, ɗaya na 'yan wasa, ɗaya na mai jan labari. Suka haɗa da ƙananan littattafai na shiryayyun labarai don wanda ba shi da lokacin ƙirƙira, ga kuma mujallarsu mai suna Dragon da ta fara fita tun 1976. Ni a nan ban ga laifinsu ba, domin kowane littafi da aikinsa, 'yar wasa ɗaya kawai take buƙata, mai jan labari ne zai sayi ukun. Rabon da aka yi don amfanin mai saye daban yake da wanda na yi wa jarumata ta asibiti. Inda na ga laifi shi ne yadda aka yi da masu ƙirƙira. Da sababbin littattafan suka fito sai kamfani ya ce ai wannan wani wasa ne daban, Arneson ba shi da kaso a ciki, sai da ya kai su kotu a 1979 aka yi sulhu a 1981. Shi kansa Gygax bai tsira ba, a 1985 ragamar kamfanin ta kuɓuce daga hannunsa ta koma hannun wata mata mai suna Lorraine Williams wadda ta sayi mafi yawan hannun jari. Kin ga mutum biyun da suka haifi abu, dukkansu a waje suka ƙare. 'Yar uwa, in kina rubutu ko kina wata sana'a da haɗin gwiwa, ko da 'yar ɗakinku ce, a rubuta a takarda a sa shaidu.

Dabara ta biyu ita ce ta kashe TSR, wato cika kasuwa da kaya. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990 suka riƙa ƙirƙiro sababbin duniyoyi na labari, wannan ta hamada, wannan ta fatalwa, wannan ta jiragen ruwa masu yawo a sararin sama, irin su Dark Sun a 1991 da Planescape a 1994, kowace da jerin littattafanta da taswirorinta. An yi aiki mai kyau a cikinsu, har yau akwai masu yabon su. Sai dai masu sayen ba ƙaruwa suka yi ba, rarrabuwa suka yi, mai son ta hamada ba ya sayen ta fatalwa. Misalinsa ki ɗauka kina tuya ƙosai, gida goma ne ke saye a wurinki, sai ki ce bari ki ƙara awara da ɗanwake da alale da waina. Kowanne da tukunyarsa da mansa da itacensa, amma gidajen nan goma dai su ne, kuɗin karin kumallonsu kuma bai ƙaru ba. Wahala ta ninku biyar, ciniki yana nan inda yake.

Abin da ya ƙara rura wutar shi ne yarjejeniyarsu da babban dilan littattafai Random House. Da zarar TSR ta kai kaya sitonsu sai a ba ta kuɗi, amma a matsayin bashi, abin da bai sayu ba a dawo mata da shi ta biya. Kamar ki kai wa mai shago cincin ya ƙirga miki kuɗi nan take, da sharaɗin wanda ya kwana zai dawo miki da shi ki mayar masa da kuɗinsa. To in ba ki yi hankali ba sai ki riƙa soya cincin don karɓar kuɗin mai shago, ki manta da tambayar ko ana ci. Haka TSR ta yi. A 1996 kaya suka dawo jibgi, bashin maɗaba'a ya taru har aka daina buga musu, aka sallami ma'aikata. A 1997 wani kamfani mai suna Wizards of the Coast, wanda ya yi arziki da wani wasan kati da ya fitar a 1993, ya saye TSR. Wani mutum mai suna Ryan Dancey da ya binciki takardun kamfanin lokacin cinikin ya ba da labarin cewa ya tarar da sito cike da kayan da ba su sayu ba, amma duk bincikensa bai ga wata takarda da ke nuna an taɓa tambayar masu saye me suke so ba. Ni a ganina wannan shi ne asalin ciwon, bashi da sauran su duk rassa ne.

Dabara ta uku ita ce ta fi burge ni. A 1999 babban kamfanin kayan wasan yara Hasbro ya saye Wizards a kan kimanin dala miliyan 325. A shekarar 2000 aka fitar da zubi na uku na wasan, tare da wani abu da ba a saba gani ba, wato buɗaɗɗen lasisi da suke kira OGL, Dancey ɗin nan ne kuma ya jagoranci yin sa. Abin da lasisin ya ce shi ne, duk mai so ya ɗauki ginshiƙin dokokin wasan ya rubuta nasa littafin ya sayar, ba sai ya biya kowa ba. Za ki ce wannan ai wauta ce, wa yake ba da jarinsa kyauta? To ba sadaka suka yi ba, lissafi ne. Sun gano cewa ƙananan littattafan labarai ribarsu kaɗan ce, wahalarsu da yawa, riba tana wurin babban littafin 'yan wasa. Saboda haka a bar wa ƙananan marubuta su yi ta rubuta labarai, duk wanda ya sayi nasu dole ya nemi babban littafin kafin ya iya wasa. Kin taɓa ganin mai injin markaɗe yana kishi da mai ƙosai? Ai addu'arsa kullum Allah ya ƙaro masu ƙosai da masu awara a unguwa, don kowace da asuba a ƙofarsa za ta ajiye bokiti.

Don kada in yi son kai, wannan hanya ma ta zo da nata aibun. Da ƙofa ta buɗe kowa ya zama marubuci, kasuwa ta cika da tarkace, mai kyau ya ɓace cikin marar kyau. A 2003 kuma kamfani ya yi wa dokokin kwaskwarima, littattafan ƙananan marubuta suka zama tsohon yayi a kan kantar masu shago, da yawa suka karye. Duk da haka in aka auna, alherin ya rinjayi sharrin nesa ba kusa ba, don mutane da dama sun samu abin yi, wasan kuma ya farfaɗo bayan an ɗauka ya mutu.

Wannan kwaskwarima ta 2003 ita ta kawo mu dabara ta huɗu, wato sabunta zubi. An yi a 1989, an yi a 2000, da 2003, da 2008, da 2014, da 2024, kowane karo a ce da mutane ga sababbin littattafai uku, na hannunku sun tsufa. In gyaran na gaskiya ne babu laifi, ko zani ai yana tsufa. Amma a 2008 da suka fitar da zubi na huɗu sai suka canza wasan sosai, suka kuma ƙi sa shi a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisin nan, suka kawo wani mai tsauri. Wato mai inji ya fara kishi da masu ƙosai. Me ya faru? Akwai wani ƙaramin kamfani mai suna Paizo da yake buga musu mujallu har zuwa 2007 da suka karɓe abinsu. Sai Paizo ya ɗauki tsofaffin dokokin da lasisin 2000 ya halatta wa kowa, ya gyara, ya fitar da wasansa mai suna Pathfinder a 2009. Jama'a suka bi shi, har ya zamana daga 2011 an yi 'yan shekaru Pathfinder yana gaban D&D a cinikin shagunan wasanni na Amurka. An je neman ƙiba an samo rama.

Wahala ta koya musu hankali na ɗan lokaci. Kafin su fitar da zubi na biyar a 2014 sai da suka raba gwajin dokokin ga dubban mutane suna jin ra'ayinsu, suka sa taƙaitattun dokoki a intanet kyauta, suka rage yawan littattafan da suke fitarwa a shekara, a 2016 kuma suka mayar da wasan ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi. Masu karatu a waya sun san irin wannan, marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama ki sai ki biya ki shiga. Aka kuma yi dace, wasu masu fasahar murya suka fara nuna wasansu a intanet a 2015 da sunan Critical Role, wani fim mai dogon zango, Stranger Things, ya fito a 2016 da yara suna yin wasan a ciki. Kasuwa ta buɗe irin buɗewar da ba ta taɓa yi ba. Ki lura da kyau, mafi yawan tallar nan masoya wasan ne suka yi ta.

Sai dai kwaɗayi mabuɗin wahala. A 2022 Hasbro ya sayi wani shafin intanet mai suna D&D Beyond a kan dala miliyan 146.3, inda mutane suke sayen littattafan a waya suna kuma biyan kuɗin wata-wata. A watan Disamba na shekarar, shugabar Wizards ta wancan lokacin, Cynthia Williams, ta shaida wa masu hannun jari cewa ba a tatsar kuɗi daga wasan yadda ya kamata, don masu jan labari, waɗanda ba su wuce kashi 20 cikin 100 ba, su ne suka fi kashe kuɗi, ana so sauran ma su riƙa biya a kai a kai. A farkon Janairu 2023 sai ga wata takarda ta ɓulla wadda ba su so a gani ba tukuna. A ciki suna shirin soke lasisin nan na 2000 da mutane suka gina sana'arsu a kansa shekara 22, su kawo sabo wanda duk wanda cinikinsa ya haura dala 750,000 a shekara zai ba su kashi 25 cikin 100 na abin da ya haura ɗin, su kuma samu damar amfani da abin da ƙananan marubuta suka rubuta. Tirƙashi! Ka ce da mutum ga fili yi gini, sai ya kai linta ka ce ka fasa.

Jama'a ba su tsaya surutu kawai ba, sai suka riƙa janye kuɗinsu na wata-wata daga shafin nan. Paizo ya sanar cewa littattafan da ya tanada na wata 8 sun ƙare cikin sati 2. Kamfani ya ba da haƙuri, ya nemi jin ra'ayi, sama da mutum 15,000 suka amsa, kusan 9 cikin kowane 10 suka ce ba su yarda ba. Ranar 27 ga Janairu 2023 Wizards ya janye gaba ɗaya, har ya sa ginshiƙin dokokin a ƙarƙashin wani lasisi na duniya mai suna Creative Commons, wanda ba shi da ikon sokewa ko da ya so. Wata ɗaya bai cika ba aka gama rigimar, amma amanar da ta zube ta fi ƙarfin wata ɗaya.

To 'yan uwa, ga hukuncina. Ban ce kamfani kada ya ci riba ba, mai zane da mai rubutu da mai ɗab'i duk suna da iyali, ni ma da alƙalamin nan nake rufa wa kaina asiri. Amma wanda yake sayar da labari ya sani rabin kayan ne kawai a hannunsa, ɗaya rabin yana wurin mai karatu. Littafin wasan nan in babu mai jan labari da zai kwana yana shiri, ya tara abokai, takarda ce kawai da tawada. Duk lokacin da masu shi suka tuna da haka, kamar a 2000 da 2014, sun samu fiye da abin da suka zata. Duk lokacin da suka ɗauki masu saye tamkar saniyar tatsa, kamar a 1996 da 2008 da 2023, sun sha ƙasa. Sau uku ana faɗa musu magana ɗaya, ban sani ba ko sun ji.

Ke kuma mai saye, kada ki raina 'yan kuɗin da kike tsakurowa daga cefane. Mutanen nan da suka durƙusar da kamfani mai biliyoyin daloli ba su da komai sai 'yan dalolinsu na wata-wata da haɗin kai. In kin ga an ƙara wa labari ruwa, ki faɗa, in ba a gyara ba ki riƙe kuɗinki. In kuma kin samu marubuciyar da ta yi miki adalci, ki daure ki sayi naki, kada kullum a aro za a ƙare, don mai inji ma sai an biya shi zai sayi mai. Mai sana'ar cikin gida ita ma ta ɗauki nata, ki riƙa tambayar masu sayen kayanki abin da suke so, kada ki haɗa tukunya biyar a kan kuɗin tukunya ɗaya, kada kuma ki canza alkawari bayan an saba da ke a kansa.

Ita kuwa ƙanwata mai saƙo, na amsa mata daga baya, na ce na ji kuma na gode. Labarin da nake rubutawa yanzu na auna shi, biyu zai cika, kuma in Allah ya yarda a biyun zai tsaya, babu wadda za a kai asibiti sai in da gaske ba ta da lafiya.

Allah ya ba mu halal ɗinmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, ya sa albarka a sana'o'inmu. Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe min. Wassalam.